Ranar da Ake Rufe Madubi

A layin da ya bi ta bayan tashar manyan motoci akwai wani shagon aski, tsakanin shagon Tela da na mai kayan lantarki. Kujera ɗaya ce a ciki mai juyawa, fatarta ta tsage an ɗinke da zaren da bai dace da ita ba, sai dogon benci, sai fanka a sama mai kaɗa kai kamar tana musun duk abin da ake faɗa. Madubin shagon ya kusa cinye bango. Amma duk ranar Laraba da hantsi mai shagon yakan taka benci ya sauke wani labule mai ruwan toka ya rufe madubin ruf. Shi ya sa a layin nan ba wanda ke kiransa da wani suna sai Ba-Madubi.

Matar Direba ta sha wucewa tana ganin labulen, ba ta taɓa tambaya ba. Mace mai jinya irin tata ba ta da lokacin tambayar abin da bai shafe ta ba. Ranar da ta tsaya a layin, ba labule ne ya tsayar da ita ba. Ƙanen mijinta ne, wanda ake kira Akawu, ya buga waya ya ce a ƙarshen mako zai zo da mota ya ɗauki yayansa, ya kai shi wani gida a bayan gari inda ake tsare masu taɓin hankali. Gida ne mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, iyali sai dai su leƙa su koma.

Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin tirela. Da gumin hanya ya gina gidan da suke ciki, da shi ya riƙe Akawu tun ubansu ya rasu ya bar shi yana rarrafe, ya sa shi a makaranta har ya zama mai zama a ofis. Mantuwa ta shigo masa a hankali, kamar ruwa a tsagar bango. Da farko makullin gida ne a cikin firiji. Daga baya ya tsaya a mararrabar da ya ratsa sau ba adadi, ya tambayi mai babur ina hanyar gidansa. Likita ya duba shi ya ce ciwon mantuwa ne, a ƙwaƙwalwa yake, ba ya warkewa, sai lallaɓawa.

A lokacin Auta yana nan. Shi ne ɗansu namiji tilo, yayyensa mata suna aure a nesa. Shi yake yi wa uban aski a tsakar gida, a kan kujerar roba, ita tana kicin tana jin dariyarsu. Auta ya kwanta ciwo a farkon wata damina, bai ga ƙarshenta ba. Direba ya raka ɗansa har kabari, ya dawo, ya kwana, ya tashi ya tambaya ina Auta.

Ta gaya masa. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ya yi jiya, sabo fil, yana cewa don me ba a faɗa masa ba. Bayan kwana kaɗan ya sake tambaya, ta sake gaya masa, domin ba ta saba yi masa ƙarya ba. Da ta ga kowane mako tana sake binne yaron nan a gaban ubansa, sai ta daina amsawa. In ya tambaya, ta shiga kicin ta buɗe famfo.

Tun daga nan bai yarda kowa ya taɓa kansa ba. "Sai Auta ya zo," in ji shi. Gashi ya taru ya cukurkuɗe, gemu ya sauko ƙirji, mutumin da a da ba ya fita sai ya goge takalmi. Wata safiya ya ga wani gardi mai ƙazamin gashi a madubin ɗakinta, ya kai masa naushi. Madubi ya tarwatse, hannu ya tsage, da ta riƙe shi ya murɗe mata wuyan hannu. Ta kwashe duk madubin gidan, ta riƙa kulle ƙofa, in maƙwabta sun tambaya ta ce yana hutawa. Sai ranar da ta manta sakata. Aka same shi a tasha yana ƙoƙarin buɗe ƙofar wata tirela. Matasan direbobi ba su san shi ba, suka yi ihun ɓarawo, suka yaga masa riga, wani ya ɗauki hoto ya watsa.

"Matar Yaya," in ji Akawu a waya, "ba don ba na ƙaunarsa ba ne. Hoton nan har ofishinmu ya kai. Kuma na ga hannunki ran nan, kada ki ce mini ƙofa ce ta buge ki."

"Bai san ni ce ba a lokacin."

"To, abin da nake faɗa ke nan. Ranar da zai ɗauki wuƙa fa?"

Abu ɗaya ta sani: in aka kai shi inda ba wanda ya san shi, ranar da zai farka bai san kansa ba, babu mai gaya masa.

Tela ce ta ga idonta ta jawo ta ciki. Mace ce mai faɗin murya, tef a wuyanta ko da ciwo ya kai ta asibiti. Ta saurari labarin ƙafarta na kan keke, ta ciji zare, ta ce, "Shiga wurin maƙwabcina."

"Aski ne zai hana a ɗauke shi?"

"Aski ba zai hana ba. Amma ƙanen mijin naki mahaukaci zai zo ɗauka. In ya zo ya tarar da yayansa, sai ya sake lissafi."

Daga bakin Tela ta fara jin ko wane ne Ba-Madubi, sauran ta gani da idonta. Gajere ne mai tumbi, kansa tal kamar ƙwai, har abokan wasa na cewa a kansa ya koyi sana'a ya wuce wuri. Ya zo layin yana saurayi da jaka ɗaya, aska da almakashi, yana yi wa direbobi aski a inuwar motocinsu. Da ya samu shago sai ya ɗauko mahaifiyarsa ya ajiye ta a ɗakin baya. Da tsufa ya kama ta, ta shiga faɗa da wata tsohuwa da ke cikin madubi, wai ta sace mata ɗankwali kuma tana kwaikwayonta. Mutane suka ce aljanu ne, wasu suka faɗi abin da ya fi wannan muni, iyaye suka hana 'ya'yansu wucewa ta ƙofar. Shi bai san sunan ciwon ba. Wata rana ya rufe madubi da zane zai yi fenti, tsohuwa ta shigo ta zauna a kujerar aski ta wuni lafiya, har da waƙa. Bai yi fentin ba. Ya je ya sa Tela ta ɗinka masa labule.

Bayan ta rasu bai cire ƙusoshin ba. Wani ya kawo ubansa, wata ta kawo mijinta. Nas ta ƙaramin asibitin unguwa ta ji labari ta zo, ta zauna a bencin nan ta yi musu bayanin ciwon daki-daki, tun daga nan takan leƙo ranar Laraba in aiki ya bar ta. Shi kuma ya bi layin shago-shago. "In tsoho ya ɗauki sabulu ya fita bai biya ba, kada ka ce ɓarawo. Ka ce sannu Baba, ka ba shi kujera, ka kira ni." Wasu suka yi dariya. Samari suka ƙaurace wa shagon ranar Laraba, don ba saurayin da zai ba da kansa inda ba zai ga abin da ake yi masa ba. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, shi kuwa gemu sana'arsa ce.

Ta same shi yana goge injin aski da tsohon burushi. Ya ba ta benci, ya ce, "Wa zan ce, Mama?"

"Matar Direba."

"Kafin nan fa?"

Ta ce, "Maman Auta ake ce mini da."

"An sauke ki ne?"

"Ya rasu."

Ya ajiye burushin. "Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Amma ni dai ban taɓa jin an sauke uwa daga uwa ba. In kin yarda, haka zan kira ki."

Tun bayan rasuwar ba wanda ya kira ta haka, kowa na tsoron fama mata ciwo. Ta ɗaga kai kawai.

Da ya ji batun tasha ya dafe sanƙonsa. "Ashe Oga ne! Mutumin da na sha yi wa aski a gindin motarsa. Maman Auta, da mun san yana gida da ba mai taɓa shi. Ba a kare wanda ba a sani ba." Ya ce ta kawo shi ranar Laraba, kada ta ambaci aski. "Ki ce ana nemansa a shagona. Ba ƙarya kika yi ba, nemansa nake."

Ranar Laraba ta riƙo shi suka fito da rana tsaka a idon jama'a, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Tana jiran a yi nuni da baki. Mai kayan lantarki ne ya fara ganinsu, ya miƙe ya ce, "Oga, an sauka lafiya? Ya hanya?"

Direba ya tsaya. "Hanya da sauƙi," ya ce. "Sai dai ramuka."

"Ai ramukan nan sai Allah!"

Ta dubi mutumin. Jiya bai san mijinta ba. Ta gane Ba-Madubi ya riga ya bi layin, har cikin tasha.

A shagon, labule a sauke, rediyo a kashe. Wani tsohon malamin makaranta na zaune a benci da sabon aski, yana kiran sunayen ɗaliban da ba sa nan, duk wanda ke kusa sai ya amsa. 'Yarsa na shagon Tela, ta kifa kai a kan tulin yadi tana barci, baki buɗe. Tela ta ɗora yatsa a leɓe. "A nan take yin barcinta na mako," ta raɗa. Wasu tsofaffi mata biyu na tsince mata maɓallai kala-kala cikin tire, suna musu a kan wacce ta fi iyawa.

Direba ya toge a bakin ƙofa. Ya ga kujera, ya ga almakashi, ya kama gemunsa da hannu biyu.

"Sai Auta ya zo."

A nan komai yakan tsaya.

Ba-Madubi bai matso ba. Ya zauna a kan wani ɗan akwati, ƙasa da tsayin tsohon, ya ce, "Auta ne ke yi maka, Oga?"

"Shi kaɗai."

"Na ji an ce hannunsa ya fi nawa. Ni kuwa shekara da shekaru ina abin nan, ka ga ko kaina ban iya tsarewa ba." Ya shafa sanƙo. Bakin Direba ya motsa cikin gemu. "Don Allah koya mini. Ta ina yake farawa?"

"Kai ba ka sani ba?"

"Da na sani zan tambaya?"

Direba ya yi tsaki irin na ubangida da ya gaji da yaran zamani. Ya ƙarasa ya zauna a kujerar da kansa, ya nuna ƙeyarsa. "Ta nan. Amma ba ya farawa sai ya jiƙa tawul. Da ruwan ɗumi, ba na sanyi ba."

Aka kawo ruwan ɗumi daga butar shayin Tela.

"Ba haka ba! Sai ya matse. Sannan ya ɗora nan." Ya kamo hannun mai askin ya ɗora a goshinsa. "Ya riƙe. Ya ce, Baba, birki."

"Baba, birki," in ji Ba-Madubi.

Direba ya daina motsi ɗif, ya lumshe ido.

Maman Auta tana tsaye jikin ƙofa. Duk shekarun nan daga kicin take jin askin, ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba, domin abu ne da za a sake yi mako mai zuwa. Ba ta san da tawul ba. Ba ta san da hannu a goshi ba. Mutumin da da safen nan ya tambaye ta ko ita ce mai gidan da yake haya, shi ne yake fito da ɗanta gaɓa-gaɓa: yadda yake naɗe kunne da babban yatsa, yadda yake hure gashi daga wuya maimakon ya sa burushi, yadda yake barin bayan kunnen hagu sai ƙarshe saboda wani tsohon tabo. Ba-Madubi yana bi, ba ya ƙari ba ya ragi. Almakashi ya ci cukurkuɗaɗɗen gashin nan yana zubowa dunƙule-dunƙule. Ta tsaya tana kallon hannun wani mutum dabam yana aikin ɗanta, ta kasa zama, ta kasa fita. Ta daɗe tana zaton ita kaɗai ta rage da yaron nan a duniya.

Da aka kunna inji Direba ya buɗe ido ɗaya. "Wannan injin naka yana neman mai."

"Tun bara nake gaya masa, Oga, ba ya ji."

"Auta zai zo ya duba maka."

"Hannu irin nasa ai ba a samu," in ji Ba-Madubi, ya ci gaba.

An gama kai, an rage gemu ɓangare ɗaya, sai mota ta tsaya a ƙofar shagon. Akawu ne. Bai jira ƙarshen mako ba, gidan can sun ce wuri ya samu. Ya je gida ya tarar a kulle, aka nuna masa layin. A kujerar baya akwai ƙarti biyu masu riga iri ɗaya, ma'aikatan gidan can.

"Matar Yaya, me ke nan? Mutumin da aka yi wa duka a tasha shi kika fito da shi bainar jama'a?"

"Aski ake masa," ta ce.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji Ba-Madubi, bai ɗaga almakashi ba. "Ga benci. A yi mana haƙuri, ba a tashin mutum da rabin gemu."

Akawu ya dubi tsohon malamin da ke kiran sunaye, ya dubi labulen. "Wannan fa? Wane irin siddabaru ake yi a nan?"

"Madubi ne kawai. Wasu daga cikin iyayen nan ba sa gane wanda ke ciki, sai su tsorata."

"Ai shi ya sa ba sa warkewa, ana ɓoye musu gaskiya." Muryarsa ba ta mugunta ba ce. "Yaya! Ka dubi kanka ka ga inda ka kai!"

Maman Auta ta ce "Kada!" amma hannunsa ya riga ya kai. Labulen ya zube.

Ba-Madubi ya mayar da almakashi bayansa. Tela ta bayyana a ƙofa, tef na lilo. Ƙartin nan suka buɗe mota. Maman Auta ta matso gefen mijinta, ta san ta inda naushin zai fito, ta kuma san in ya fito an gama magana.

Direba ya dubi madubi. A ciki wani dattijo ne mai askakken kai da farin gemu, tawul a kafaɗa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dafa hannun kujera, ya sauko a hankali, ya rusuna, ya sunkuyar da kai kamar yaro.

"Baba," ya ce. "Sannu da zuwa. Ba a gaya mini kana tafe ba."

Ba abin da ke motsi a shagon sai fanka.

Ya ɗago, ya hango Akawu a tsaye bayan dattijon. Fuskarsa ta washe. Ya juya ya kamo hannun rigar ƙanensa ya jawo shi gaban madubi. "Ga ƙaramin nan, Baba. Ka ga yadda ya zama? Na sa shi a makaranta. Yana da ƙiwa, amma yana da kai." Ya daki ƙeyar Akawu a hankali. "Gai da Baba mana. Ka ce kada in bar shi a hannun mutane. Ban bar shi ba."

Akawu bai san fuskar ubansu ba. Babu hoto, sai abin da aka ba shi labari. Ya tsaya da babbar rigarsa da makullin mota a hannu, yana kallon dattijon da ke cikin madubi. Can ya rusuna gefen yayansa.

Maman Auta ce ta ga idon mijinta ya fara yawo, ya sauka a kan rabin gemun, ya fara haɗa gira. Ba ta san daga ina maganar ta zo mata ba. "Maigida," ta ce, "zauna a ƙarasa maka. Ka tsaya gaban Baba da gemu rabi da rabi?"

"Af!" Ya dafe haɓa, kunya ta kama shi. Ya koma kujera. Ba-Madubi ya juya ta ta fuskanci titi, Tela ta taka benci ta mayar da labule tana haki tana zagin tsayin bangon.

Akawu ya fita waje ya tsaya ya ba shagon baya. Da ya dawo idonsa ja, amma tambayoyinsa na nan. "Yau ke nan," ya ce wa mai askin. "Gobe fa, in ya sake fita?"

"Zai fita, ranka ya daɗe. Direba ne, zama ba nasa ba ne. Na je wurin shugaban tasha. Yaran da suka taɓa shi sun ji kunya, ɗaya har ya zo nan yana neman hanyar ba da haƙuri. Akwai wata matacciyar tirela a can ƙarshe, ba inji ba taya. Sun ce in ya zo su buɗe masa ya zauna, su aiko a gaya mana."

"Hannunta fa? Ka ga hannunta?"

"Na gani." Ba-Madubi ya tsayar da almakashi. "Ba zan ce maka ba zai sake ba. Ciwon nan gaba yake yi. Wata rana zai fi ƙarfinta, ya fi ƙarfinmu, a ranar nan Nas za ta faɗa mana gaskiya, a nemi inda ake jinya, ba inda ake tsarewa ba. Amma abin da ya fi cin Maman Auta yanzu ba hannu ba ne. Ita kaɗai ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Ni na ɗauki yammacin Litinin," in ji Tela. "Yana riƙe mini yadi ina yanka, in ya ƙi in kai ƙararsa wurin Baba. Kai wace rana za ka ɗauka, mai ofis? Ko sai waya?"

Akawu ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskar. Ya juya ga matar yayansa. "Ke me kike so?"

Tun da aka fara ba wanda ya tambaye ta. Ta ce, "A bar mini shi inda ake ce masa Oga."

Ya jinjina makullin a tafinsa. Ya fita ya yi magana da ƙartin nan, ya tare musu tasi suka tafi. Ya dawo ya zauna a benci gefen tsohon malamin, wanda ya dube shi ta saman tabarau ya ce ya makara.

"A yi haƙuri, Malam," in ji Akawu. Ga Tela kuma ya ce, "Asabar. Tun safe."

Ba-Madubi ya daidaita gemun, ya hure gashi daga wuyan tsohon, ya cire tawul ya kaɗe. Bai tsaya a yi masa godiya ba. Wani ya riga ya iso da ubansa a keken guragu, tsohon na zagin duk wanda ya gani, shi kuwa ya tare shi da hannu biyu yana cewa yau ma an fara da shi, ya gode.

Suka kamo hanyar gida su uku, motar Akawu na nan inda ya bar ta. Direba na tsakiya, iska na taɓa masa kai, yana shafawa yana murmushi. Akawu ya ɗan ja baya, yana share fuska da hannun riga.

"Wane ne wancan mai kuka?" Direba ya tambayi matarsa.

"Ƙanenka ne."

Ya waiga ya dube shi da kyau.

"A ba shi abinci," ya ce. "In yunwa ta kama shi haka yake yi."